CCNA, Network+, Huawei ko MikroTik: wace jarrabawa zan biya da ɗan abin da na tara?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Na gama HND a ilimin kwamfuta, yanzu ina bautar ƙasa, saura wata bakwai in gama. Ina son in riƙi aikin netwok a matsayin sana'a. Na ɗan tara kuɗi daga alawus da 'yan buga-buga, amma ba za su wuce jarrabawa ɗaya ba. Wani ya ce in fara da Network+, wani ya ce CCNA, malaminmu ya ce Huawei ce ke da kasuwa a Najeriya, abokina kuma ya ce duk an wuce wurin, in tafi tsaron intanet kai tsaye. Kaina ya kulle. Wacce zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa a gama bautar ƙasa lafiya.

In dai kuɗin jarrabawa ɗaya ke hannunka, kuma babu wani kamfani da ya riga ya ce maka ga aiki in ka kawo takarda kaza, to CCNA za ka yi, jarrabawar Cisco, kamfanin ƙera na'urorin netwok, mai lamba 200-301. Amma kada ka biya yanzu. Karatun za ka fara yau, biyan kuɗin kuma sai ya rage 'yan makonni ka shiga jarrabawar. A tsakanin nan ka nemi 'yar ƙaramar rautar MikroTik (rauta ita ce na'urar da ke zaɓar wa bayanai hanya daga wannan netwok zuwa wancan) ka riƙa jagwalgwala ta a ɗaki, ko da ba za ka yi jarrabawarta nan kusa ba. Waɗanda suka ba ka shawara duk ba ƙarya suka faɗa ba, kowa dai ƙofar da ya sani ce yake nuna maka.

Takardar shaida irin wannan aiki biyu take yi. Tana tsallakar da CV ɗinka daga teburin mai tace masu neman aiki, wanda galibi bai san bambancin rauta da suwic (akwatin da ke haɗa kwamfutocin wuri ɗaya) ba, haruffan da aka rubuta masa kawai yake nema. Sannan tana tilasta maka karatu a tsare, daga tushe zuwa sama, maimakon tsince-tsince a YouTube. A duka biyun CCNA ta fi sauran a kasuwarmu. Kada ka ɗauki maganata a makance. Ka tattaro tallan aiki guda ashirin na injiniyan netwok daga bankuna, kamfanonin sayar da intanet, jami'o'i, asibitoci da ƙungiyoyin agaji, ka ƙirga sau nawa kowane suna ya fito. Gani ya kori ji. Har wuraren da babu na'urar Cisco ko ɗaya a ɗakin sabarsu za ka ga sun rubuta CCNA, domin sunan ya zama ma'aunin da kowa ya yarda da shi na cewa mutum ya san tushe.

Ka lura da tarihinta kaɗan don kada a sayar maka da tsohon littafi. Kafin watan Fabrairun 2020 CCNA rassa ce da yawa, akwai ta rautin da suwicin, akwai ta tsaro, akwai ta waya-iska (Wi-Fi) da sauransu, kuma ana iya raba ta farkon gida biyu, ICND1 da ICND2. Cisco ta rushe wannan duka ta haɗe su a jarrabawa guda ta minti 120. A watan Agustan 2024 aka sabunta ta zuwa siga ta 1.1, aka ƙara ɗan bayani kan ƙirƙirarriyar basira da sarrafa netwok ta kilawud (sabobin haya da ke kan intanet). Kashi 25 cikin 100 na jarrabawar kan yadda rauta ke zaɓar hanya ne, wato teburin hanyoyi, hanyar da aka saka da hannu da kuma OSPF, ƙa'idar da rautoci ke koya wa juna hanyoyi da ita. Tushen netwok kashi 20, harkar suwic da VLAN (raba suwic ɗaya gida-gida) da waya-iska kashi 20, tsaro kashi 15, hidimomi irin su DHCP (rabon adireshi) da NAT (sauya adireshi) da DNS (fassara suna zuwa adireshi) kashi 10, sarrafa na'urori ta manhaja kashi 10. Duk wanda ya miƙo maka littafi mai ICND a bangonsa, ka gode masa ka ajiye. Kafin ka sayi komai ka buɗe shafin Cisco ka sauke jerin batutuwan jarrabawar na ranar, domin suna sauya shi lokaci zuwa lokaci.

Kuɗinta dala 300 ne, ban da haraji. A canjin 2025 ya haura naira dubu 400, kusan alawus ɗin wata shida na mai bautar ƙasa da ake biya naira 77,000. In ka faɗi, sai ka jira kwana biyar sannan ka sake biya cif, babu ragi. Shi ya sa nake cewa a jinkirta biya. Akwai kuma dalili na biyu: takardar shekara uku take yi ta mutu, kuma lissafin daga ranar da ka ci yake farawa. Gara shekarun ukun su faɗo a lokacin da kake neman aiki da farkon aikin, ba lokacin da kake zaune a wurin da aka tura ka hidima ba.

Network+ ta kamfanin CompTIA jarrabawa ce mai kyau, ba na kushe ta. Ba ta jingina da na'urar kowane kamfani ba, tambayoyinta ba sa wuce 90 a minti 90, kuma ana cin ta da maki 720 cikin 900. Matsalarta a wurinmu ita ce ta fi CCNA tsada, alhali ba ta kai ta zurfi ba. Za ta koya maka mene ne VLAN, amma ba za ta zaunar da kai gaban suwic ta ce ƙirƙiri guda uku ka haɗa su ta rauta ba. Darajarta ta fi ƙarfi a Amurka, inda wasu ayyukan gwamnati da na 'yan kwangilar soja ke lissafa takardun CompTIA cikin sharuɗɗa. Kai da ka yi HND a kwamfuta, ka karanta darussanta kyauta na mako biyu ko uku in kana jin tushenka da rauni, kuɗinka kuma su zauna a aljihu. Wanda bai taɓa jin kalmar IP ba ma, ni kwasa-kwasan share fage na Cisco Networking Academy zan tura shi, waɗanda ba a biyan ko sisi, ko kuma ƙaramar jarrabawar CCST mai dala 125 in lallai yana son takarda a hannu.

Malaminku kuwa ya faɗi gaskiya rabi da rabi. Kaso mai tsoka na kayan da kamfanonin waya ke aiki da su a Najeriya na Huawei ne, tare da na Ericsson da Nokia da ZTE. Kuma yawancin aikin ƙarafan sabis da layukan faiba ba MTN ko Airtel ke ɗaukar yaro kai tsaye su ba shi ba, 'yan kwangila ne ke yi. In hanyarka ta can ce, jarrabawar Huawei ta HCIA-Datacom, mai lamba H12-811, tana da amfani, kuma dala 200 ce. Huawei tana da makarantun haɗin gwiwa a jami'o'i da kwalejoji da dama, ciki har da ABU Zariya, tana kuma shirya gasar ɗalibai duk shekara. Ta waɗannan hanyoyi ɗalibai kan samu baucar jarrabawa, wato tikitin shigarta, kyauta ko da rangwame. In irin wannan dama ta faɗo maka, karɓe ta hannu bibbiyu, ka yi HCIA kyauta ka adana kuɗinka don CCNA. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ka zuba kuɗinka ɗaya tilo a kanta ba tare da wani ya nuna maka aikin da ke jira ba.

Dalilina shi ne wanda ya iya ɗaya ya kusa iya ɗayar. OSPF ɗin nan guda ne, ƙa'idar duniya ce, ba mallakar kowa ba. Abin da ke sauyawa lafazin umarni ne. Inda Cisco ke cewa show, Huawei display take cewa. Inda za ka rubuta configure terminal, a can system-view ne. Inda za ka soke umarni da no, a can undo ne. Mako biyu da manhajar gwaji ta eNSP sun ishe ka hannunka ya saba. Sai dai akwai 'yan tarkuna da kan kama har manya. A rautar Cisco, hanyar da ka saka da hannu lambar fifikonta 1 ce, ta OSPF kuma 110, kuma ƙaramar lamba ce ke yin nasara, don haka ta hannu ke rinjaye. A Huawei ta hannu 60 ce, ta OSPF ta cikin gida 10, sai lamarin ya juye, OSPF ta rinjayi ta hannu. Injiniyan da ya kwafo tsari daga wannan na'ura ya zuba a waccan ba tare da sanin haka ba zai kwana yana mamakin me ya sa bayanai ke bin wata hanya daban. Irin wannan fahimta ce ake biya wa albashi, kuma daga tushe mai ƙarfi take fitowa, ko da sunan wa aka koye shi.

Yanzu MikroTik, wadda ita ce na fi son ka saurara da kyau a kanta. Kamfani ne na ƙasar Latbiya, manhajarsa RouterOS. Ba ta da kwarjinin Cisco a takarda, amma ka shiga otal-otal, makarantu masu zaman kansu, ƙananan asibitoci, shagunan intanet da ƙananan kamfanonin da ke harba intanet ta rediyo daga bene zuwa bene a Kano ko Kaduna ko Sakkwato, ita za ka tarar a maƙale a bango, sau da yawa tare da rediyoyin Ubiquiti. Dalili arha ne: akwatin da bai kai kuɗin wayar hannu mai kyau ba yana yin rautin, fayawol, VPN, rabon gudun intanet da shafin shiga mai tikiti. Tun da Starlink ta fara aiki a Najeriya a Janairun 2023 aikin ya ƙaru, domin duk wanda ya kafa faranti a makaranta ko ofis yana buƙatar wanda zai raba masa layin yadda mutum ɗaya mai sauke fim ba zai shanye na kowa ba. (Sayar wa jama'a intanet a matsayin kasuwanci kuwa sai da lasisin NCC, wannan ka sani tun yanzu.)

Wannan aikin shi ne zai fara saka maka kuɗi a aljihu kafin banki ya kira ka intabiyu. Takardarta ta farko MTCNA ce, kuma tsarinta daban ne: ba a shiga jarrabawar sai an halarci horo na 'yan kwanaki a hannun mai koyarwa da kamfanin ya amince da shi, sannan a amsa tambayoyi 25 a awa guda, a ci da kashi 60. Ita ma shekara uku take yi. Ba sai ka yi ta yanzu ba. Mai otal ba ya tambayar satifiket, tambayarsa ita ce baƙin ɗaki na goma sha biyu za su samu intanet ko ba za su samu ba. Ka sayi ƙaramar rautarsu hAP, ko ta hannu ce, ka buɗe ta da manhajarsu ta Winbox, duk abin da ka karanta a CCNA da rana ka gwada shi a kanta da dare. In kuɗin ba su kai ba, akwai sigar RouterOS mai suna CHR da ake ɗorawa a kwamfuta kyauta, an dai taƙaita gudunta zuwa megabit ɗaya, wanda ya isa gwaji.

Bari in nuna maka abin da nake nufi da tushe. An taɓa kira na wata cibiyar jarrabawar kwamfuta, irin waɗanda ke da kwamfuta 250 a zaure ɗaya, ana gobe gwajin na'urori. Komai ya tsaya cak. Fitilun suwic-suwic duka suna ƙyaftawa tare da sauri kamar za su ƙone, sabar ba ta amsa kowa, shugaban wurin har ya aika a nemo farashin sabuwar saba. Yaron da ke kula da wurin ya sake kunna komai ya fi a ƙirga. Na ce a zare wayoyin da ke haɗa suwic-suwic da babban suwic ɗaya bayan ɗaya. Da aka zare ta layi na huɗu sai zauren ya lafa. Muka bi layin, sai ga wata waya shuɗiya da mai shara ya tsinta a ƙasa, ya ga rami a buɗe ya soka ta, alhali ɗaya bakin nata yana cikin wannan suwic ɗin. Saƙon da ake aika wa kowa da kowa sai ya riƙa zagayawa ba iyaka yana ninkuwa har ya toshe komai. Suwic ɗin na arha ne, ba ya gudanar da STP, ƙa'idar da aka ƙirƙira musamman don toshe irin wannan zobe. Babu na'urar Cisco ko ɗaya a wannan zaure. Amma babin STP na CCNA, wanda ɗalibai suka fi tsana suna haddace shi don jarrabawa kawai, shi ne ya gano cutar cikin minti kaɗan.

Abokinka mai maganar tsaron intanet, ka ce masa ya yi haƙuri. Fannin na da kasuwa, amma ba ƙofar shiga ba ne ga yawancin mutane. Mai tsaron netwok aikinsa ya duba zirga-zirgar bayanai ya gane wadda ba ta dace ba, ya rubuta dokokin fayawol, ya raba netwok gida-gida yadda ɓarawon da ya shiga kwamfutar mai karɓar baƙi ba zai kai ga sabar albashi ba. Wanda bai san yadda TCP ke buɗe zance da saƙo uku ba, bai san me NAT ke yi wa adireshi ba, me zai gane in an buɗe masa Wireshark, manhajar duba zirga-zirgar bayanai? Haka ma kilawud. Ranar farko da ka shiga AWS, kilawud ɗin Amazon, za a ce ka ƙirƙiri VPC (keɓantaccen netwok ɗinka a can), ka yanka sabnet (raba adireshi gida-gida), ka cika teburin hanyoyi. Karatun nan dai ne ya sake riga. Bayan CCNA da shekara ɗaya ko biyu a bakin aiki, Security+ ko takardun Fortinet za su zo maka da sauƙi, kuma lokacin za su yi ma'ana a CV.

Akwai abin da za a kawo maka tabbas, in ma ba a riga an kawo ba: tarin tambayoyin jarrabawa da aka sato, waɗanda ake kira dumps, ana tura su a WhatsApp da Telegram. Za a ce maka kowa da su yake ci. Ka bar maganar cewa Cisco na iya soke takardar wanda aka kama ta kuma hana shi sake shiga. Ka bar maganar cewa amsoshin ciki da yawa kuskure ne. Matsalar ita ce mu da ke zama a intabiyu mun san su tun daga tambaya ta biyu. Nakan juya wa mutum laftop in ce ga kwamfutar nan ba ta shiga intanet, adireshinta 169.254.12.7, daga ina za ka fara? Wanda ya yi lab, wato gwaji da hannu, zai ce nan take kwamfutar ta nemi adireshi daga DHCP ba ta samu ba, ta laƙa wa kanta wannan, don haka zai duba waya, ya duba ko ramin suwic ɗin yana VLAN ɗin da ya dace, ya duba ko adireshin da sabar ke rabawa sun ƙare. Wanda ya haddace satacciyar amsa zai ce a sake kunna kwamfutar, ko ya fara karanto mini matakai bakwai na OSI. Irin wannan CCNA ɗin ta fi rashinta muni, domin wanda bai da takarda ana masa uzuri, mai takardar da ya kasa kuwa an gama yanke masa hukunci.

Karatun kansa ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Packet Tracer, manhajar kwaikwayon netwok ta Cisco, kyauta ce in ka yi rajista a Networking Academy, tana tafiya a laftop mai rauni, kuma ba ta buƙatar intanet bayan ka shiga, ta ishe ka kusan duk abin da CCNA ke nema. GNS3 da EVE-NG sun fi ta kama da na gaske amma suna cin ƙwaƙwalwar kwamfuta, ka bar su sai gaba. A YouTube akwai cikakken kwas na Jeremy's IT Lab, kyauta, tare da fayilolin lab. Ka sauke bidiyon da datar dare. Littafin da Cisco Press ta buga juzu'i biyu ne, shi ne madogara in bayani ya rikice. Awa biyu kullum na wata biyar zuwa shida sun ishi mai irin karatunka, da sharaɗin rabin lokacin hannunka na kan allon rubutu kana buga umarni. In lab ya yi aiki, ka ɓata shi da gangan: sauya VLAN na asali a gefe ɗaya na layin da ke haɗa suwic biyu, ka canza lokacin gaisuwar OSPF a rauta ɗaya, ka ga irin kukan da na'urar za ta yi. Gyaran abin da ya lalace shi ne kashi mafi girma na aikinmu, ba gina sabo ba.

Yankan sabnet kuwa sai ya zama maka kamar lissafin canji a kasuwa. In na ce a yanka 192.168.10.0/24 zuwa /26, kafin in rufe baki ka san gida huɗu ne, suna farawa daga 0, 64, 128 da 192, kowanne yana ɗaukar na'ura 62, kuma 192.168.10.130 tana gida na uku, wanda adireshin shelarsa 191 ne. Minti goma kullum da safe, da biro da takarda, ba kalkuleta, domin ba za a ba ka ita a jarrabawa ba. Yawancin waɗanda lokaci ke ƙure wa a nan suke ɓata shi. Ka kuma sani cewa a jarrabawar Cisco ba a komawa baya. In ka wuce tambaya ta wuce har abada, don haka dabarar tsallake mai wuya a dawo mata daga baya, wadda ka saba da ita a makaranta, ba ta aiki a nan.

Turanci ma wani abu ne da ba a cika faɗa ba. Tambayoyin dogaye ne, kalma guda kan juya ma'ana, kuma da Ingilishi ko Japananci kawai ake yin 200-301. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi karatu da Faransanci za su iya bin darussan Networking Academy da Faransanci, amma su riƙa yin tambayoyin gwaji da Ingilishi tun da wuri.

Ranar jarrabawa, Pearson VUE ce ke gudanarwa, ko a cibiya ko a gida ta kyamara. Ka je cibiya. Ta gida tana son ɗaki shiru da ba mai shigowa, intanet da ba ya yankewa da wuta tsayayya na awa biyu da ɗoriya. Yaro ya turo ƙofa, ko a ɗauke wuta kafin janareta ya tashi, mai sa ido na iya rufe jarrabawar, kai kuma ka shiga rubuce-rubucen neman haƙƙi da kamfanin da ke wata nahiya. Kuɗin mota zuwa Abuja ko duk inda cibiya mafi kusa take ya fi wannan sauƙi. Sannan ka duba sunanka harafi bayan harafi. Mu da ake rubuta mana Muhammad a wannan kati, Mohammed a wancan, sunan uba a gaba a nan, a baya a can, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sunan da ke asusunka dole ya dace da na katin shaidar da za ka nuna. Ka kira cibiyar tun da mako guda ka tambayi irin katin da suke karɓa. Katin banki na naira kuma kan yi gardama wajen biyan dala, ka gwada hanyar biyanka tun kafin ranar da ka tsayar.

Kada ka bari watannin nan su tafi a karatu kaɗai. Duk inda aka tura ka hidima, ko makarantar sakandare ce, akwai wani abu mai waya. Ka nemi mai kula da shi ka ce kana son ka riƙa bin sa. Ka koyi matse kan wayar netwok (RJ45) har ka daina duba jerin launuka, ka koyi bin waya a cikin silin, ka zana taswirar netwok ɗin wurin, wadda na tabbata babu ita. In ka samu masu haɗa faiba, ka roƙi su bar ka ka riƙe musu kaya ka ga yadda ake fere gilashin a narka shi, da yadda ake karanta na'urar gwajin faiba ta OTDR a gano mita nawa ne zuwa inda katafila ta tsinke layi. Wannan shi za ka rubuta a ƙarƙashin ƙwarewa, kuma layi uku na abin da ka yi da hannunka sun fi jerin kwasa-kwasai goma.

Bayan CCNA mutane kan ruga CCNP, matakin Cisco na gaba, tun da daga 2020 babu sharaɗin sai ka riƙe wata takarda kafin ka shiga. Ni ina ganin a dakata. CCNP Enterprise jarrabawa biyu ce, ENCOR mai lamba 350-401 a dala 400, da ɗaya ta zaɓi kamar ENARSI a dala 300. Mai CCNP da bai taɓa kwana a ɗakin sa ido kan netwok ba, masu ɗaukar aiki tuhumarsa suke yi. Ka yi shekara biyu a bakin aiki tukuna, lokacin ka san ko BGP da MPLS na kamfanonin intanet ne ke jan ka, ko tsaro, ko waya-iska, kuma wataƙila wurin aikinka ne zai biya. In ka daidaita lokacin, cin ENCOR a shekara ta uku zai sabunta maka CCNA ɗin ba tare da ka sake biyan kuɗinta ba. Abin da zan so ka cusa a tsakani ba takarda ba ne: Linux har ka saki jiki da baƙin allo, da ɗan Python da zai shiga suwic talatin ya kwafo tsarinsu kana shan shayi. CCIE, matakin ƙwararru mai jarrabawar lab ta awa takwas, maganar wasu shekaru ce masu zuwa.

Saura cibiyoyin horo, tun da na san za ka ga allunansu. Akwai nagari, musamman waɗanda ke da rajista da Networking Academy, domin wanda ya kammala kwas ɗinsu na CCNA a hannun malami da maki mai kyau kan cancanci rangwame a kuɗin jarrabawa, kuma rangwamen kan yi kauri har ya biya wani ɓangare na kuɗin makarantar. Kafin ka ba kowa kuɗi ka nemi ganin ɗakin lab da idonka, ka ga ko akwai rauta da suwic da ɗalibai ke taɓawa ko hotonsu ne a bango. Ka tambayi malamin lambar shaidarsa ta Cisco da ranar da takardarsa za ta mutu. Mai ita ba ya jin haushin wannan tambaya. In sun ce kuɗin ya haɗa da jarrabawa, su rubuta maka a rasit cewa baucar 200-301 ta Pearson VUE ce. Da yawa abin da suke bayarwa a ƙarshe takardar halartar kwas ce mai tambarin cibiyarsu, an rubuta CCNA da manyan baƙaƙe. Ta gaskiyar daga Cisco take zuwa bayan ka ci jarrabawa, da bajon intanet na shafin Credly da duk mai son ɗaukar ka aiki zai iya latsawa ya tabbatar cikin minti ɗaya.